Gurbin Gatari a Cikin Yashi

Da safiyar Litinin aka wayi gari babu babban gatarin dutse a cikin akwatin gilashi. Malamar tarihi ce ta fara gani, ita da ke kula da ɗan ɗakin da ke bayan laburaren gari, wanda kowa ke kira ɗakin duwatsu. Ƙananan duwatsun suna nan a jere a kan shimfiɗar yashi kamar yara a aji. Babban ne kawai babu, wanda ake kawo baƙi su gani, wanda aka ce mutanen farko ne suka sassaƙa shi tun kafin a san ƙarfe. Ba a ɓalle kwaɗo ba, ba a fasa taga ba.

Kafin hantsi maganar ta gama gari, gari kuma ya gama yanke hukunci. Makulli biyu aka sani, ɗaya a jakar Malama, ɗaya a wuyan Maigadi. Malama mai albashi ce, 'yar manyan mutane. Maigadi kuwa ɗaki ɗaya gare shi a jikin ƙofar shiga, shi da matarsa da 'ya'yansa. Katanga in ta yi gajarta, har akuya gwada ƙafa take yi.

Ciyaman na kwamitin laburare ya ce masana daga jami'a za su zo ranar Laraba musamman don wannan gatari. In ba a gan shi ba zuwa la'asar ɗin gobe, Maigadi ya kwashe komatsansa, sauran bayani ya yi wa 'yan sanda. Sannan ya aika a kira Duƙau.

Duƙau mai bin sawu ne. Ya tsufa yana bin sawun awaki da na ɓarayinsu, kansa kullum a ƙasa, har ana cewa bai san fuskar kowa ba sai diddigensa. An taɓa nemansa wuni guda aka rasa, ashe bin wata tururuwa ya yi don ya ga inda za ta kai fiffiken fara.

Ya tsaya a bakin farfajiyar bai shiga ba. Maigadi kan share wurin kowace yamma bayan an rufe, tsintsiya ta bar layi-layi a ƙasa kamar an taje kai. Takalman jama'ar da suka zo kallo sun cakuɗe tsakiya, amma can gefen katanga, hanyar ƙofar baya, sharar tana nan yadda aka yi ta. A kanta akwai sawu, shiga da fita. Takalmi ne wanda dunduniyar hagu ta cinye ta waje, kuma a dama da kowane taku akwai ɗan zagaye kamar bakin kwalba, inda sanda mai roba ta dafa.

Duƙau ya san takun. A bayan wannan takun ya koyi tafiya. Na yayansa ne, tsohon Hedimasta, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ne ya tsinci gatarin a rafi yana matashin malami, shi ya yi ta faɗi-tashi har aka gina ɗakin saboda shi. Kuma sawun a kan shara yake, ba a ƙarƙashinta ba. Bayan an rufe ya shiga.

Ciyaman yana ta bayani a bayansa. Duƙau ya bi gefen katangar yana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, har ya kai ƙofar baya. Da ya waiwaya, babu sawun kowa sai nasa.

"Ka ga wani abu?" in ji Ciyaman.

"Jama'a sun riga ni, ranka ya daɗe."

Bai taɓa yi wa ƙasa haka ba. Tafin ƙafarsa ya riƙa yi masa zafi kamar ya taka garwashi.

Maigadi yana zaune a kan benci, hularsa a gwiwa. A cikin ɗaki matarsa ta riga ta fara ɗaure tukwane a zani.

"Baba Duƙau, ni me zan yi da dutse?" ya ce. "Dafawa zan yi wa yara?"

"Jiya ka bar ƙofa?"

"Na bari, ba zan yi maka ƙarya ba. Famfo ya ɗauke, na tafi ɗebo ruwa bayan na gama shara. Layi ya yi tsawo, sai gab da magariba na dawo."

"Wa ya saba shiga ɗakin nan?"

"'Yan makaranta. Sai Dillali mai shagon tsofaffin kaya, ya zo sau biyu yana leƙe-leƙe. Sai kuma Hedimasta, shi kam kullum, da ɗan ƙyallensa na goge gilashi." Ya yi murmushin dole. "Amma shi ai ɗansa ne. Mutum zai saci ɗansa?"

Duƙau ya dubi ƙasa, ya gode wa Allah da ya sa an san shi da hakan.

"Baba, kai ne ba ka ƙarya," in ji matar daga bakin ƙofa. "Abin da ƙasa ta gaya maka, ka faɗa musu."

Duƙau ya kama hanyar shagon Dillali.

Shagon Dillali yana cike da tsofaffin fitilu da agogon da suka daina tafiya. Duƙau ya shiga da fata a ransa, fatan da shi kansa bai so ya dubi fuskarsa ba.

"A'a, sarkin sunkuye," in ji Dillali. "Yau akuyar wa ta yi yaji?"

"An ce ka taɓa taya duwatsun laburare."

"Na taya, ban ƙi ba. Ƙananan nan masu haƙora. Malama ta kusa raka ni da tsintsiya."

"Babban fa?"

Dillali ya yi dariya har tumbinsa ya motsa. "Na nuna hotonsa ga mutumin da nake kai wa kaya a birni. Ya ce in abin danne ƙofa nake sayarwa, yana da irinsa a bayan gida. Ni ban san me ya gani ba, amma ko kyauta bai so. Da ni ne na shiga, Duƙau, da ƙananan zan kwashe in bar muku ƙaton, ku yi ta gogewa."

Duƙau ya dubi ƙafafun mutumin, masu faɗi, cikin silifa. Ya san tun kafin ya zo ba su taka bayan laburare ba. Ya zo ne yana roƙon Allah ya sa wani ne, kuma wannan ma abin kunya ne na biyu a rana ɗaya.

Da yamma ya je gaishe da yayansa. Takalman suna bakin ƙofa. A jikin dunduniyar hagu akwai busasshiyar laka mai launin toka, irin wadda babu ita a cikin gari sai a gaɓar rafi. Hedimasta yana kan kujerarsa ta katako, abinci a rufe a gefensa ba a taɓa ba.

"Ƙanena, an ce kai aka ba aikin."

"Ni ne, Yaya."

"Ka samu wani abu?"

"Ina dai bi."

"Bi a hankali. Ƙasa ma takan yi ƙarya."

"Ƙasa ba ta yi, Yaya. Sai dai mai karanta ta."

Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Duƙau ya jira ko zai ce wani abu game da Maigadi. Bai ce ba. Ya tambayi lafiyar iyali, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya gani da safe.

A hanya Duƙau ya yi ta juya abin. Wanda ya ɗauka ya san shi, inda aka kai ma ya kusa sani. Dalilin ne ya gagare shi. Mutum ya shafe rayuwarsa yana jiran ranar da masana za su zo su ga abin da ya tsinta, sai ana saura kwana uku su zo ya ɗauke ya kai rafi?

Washegari da sassafe ya sami Malama ta buɗe masa ɗakin. Ya roƙe ta kada ta kunna wuta, ta buɗe tagar gabas kawai. Sawu ba ya magana da tsakar rana, sai haske ya zo masa a kwance.

"'Yata, ni jahili ne a nan. Da me kuke gane wannan aikin mutum ne, ba dutsen Allah ba ne kawai?"

Ta ɗauko ɗaya daga cikin ƙananan ta sa masa a tafin hannu. "Shafa nan, Baba. Ka ji gurbi-gurbi? Kowane gurbi bugu ɗaya ne, an ɓantare ɓalli. Dubi yadda suke bin juna a baki, a buga ta wannan fuska, a juya a buga ta waccan, har bakin ya yi kaifi." Ta ɗauko wani siriri. "Wannan kuma ɓallin ne da kansa. Ga inda aka buga, ga ɗan ƙullutu a ƙasansa kamar cibiya, ga zobe-zobe suna tafiya kamar ka jefa tsakuwa a kududdufi."

"Rana da sanyi ma ai suna fasa dutse."

"Suna yi. Amma su ba su da niyya. Su fasa nan, su fasa can, su tafi. Hannu ne yake maimaitawa. Ruwa kuwa ba ya zaɓe, ko'ina lasa yake har dutse ya yi sumul. Ko irin gatarin da ake wasawa, za ka ga bakinsa a miƙe, da zanen wasi duk sun nufi wuri ɗaya."

Duƙau ya riƙe dutsen. Babban yatsansa ya faɗa wani gurbi daidai wa daida, kamar an auna. Wani mutum da ba a san kabarinsa ba ya zauna wata safiya irin wannan, ya buga, ya juya, ya duba, wataƙila yana sauraron kukan ɗansa. Ashe sawu ne wannan ma, sai dai na hannu.

Sai ya sunkuya a kan akwatin. Inda Malama ta ɗauke ƙaramin dutsen, yashi ya riƙe siffarsa: ƙananan tudu da kwari, kowane bugu ya fito da inuwarsa. Ya matsa ga gurbin babban. Shekara da shekaru dutsen yana kwance a wurin, nauyinsa ya zauna sosai. Gurbin sumul yake kamar inda aka ajiye ƙwarya. Ya bi gefensa da ido har ya zagayo. Babu tudu, babu kwari, babu miƙaƙƙen baki. Ɗaya gefen ya fi ɗaya siranta, shi ke nan.

Ya ɗago. Malama ta kawar da kai.

"Kin sani."

"Tun shekarar da na dawo daga karatu." Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, Hedimasta ne ya koya min baƙi da fari. Shi ya je ya roƙi mahaifina a bar ni in ci gaba. Da wane bakin zan ce masa dutsen rafi ne?"

"Shi ya sani?"

"Makon jiya na tara 'yan makaranta na yi musu wannan bayanin, saboda zuwan masana. Ban san zai zo ba. Ya zauna a gaba. Da aka tashi na gan shi tsaye a kan akwatin, ya daɗe. Bai goge gilashin ba ranar."

La'asar ta yi, aka taru a zauren karatu. Ciyaman a kan kujera mai hannu, Malama a gefensa, Dillali ya jingina da kantar littattafai. Maigadi ya tsuguna a bakin ƙofa kamar wanda ya riga ya zama baƙo. Hedimasta ya zo a makare, ya zauna a baya, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Duƙau ya tsaya, kuma a karon farko da wani zai iya tunawa, ya ɗaga kai.

"Kafin in faɗi na wani, bari in faɗi nawa. Jiya na ga sawu a bayan ɗakin nan, a kan shara. Na goge shi da ƙafata. Ciyaman ya tambaye ni na yi masa ƙarya. Maigadi ya kwana da kayansa a ɗaure saboda ni."

Dillali ya gyara tsayuwa.

"Sawun wa?" in ji Ciyaman.

"Zan zo nan. Dillali ba shi ba ne, don shi abin sayarwa yake so, kuma abin sayarwa yana nan ba a taɓa ba. Maigadi ba shi ba ne. Shi da ya yarda gatarin ya fi komai daraja, da ya ɗauka da ya kai wa Dillali, da Dillali ya yi masa dariya. Malama ba ita ba ce, ita shiru ta zaɓa tun tuni." Ya nuna ɗakin duwatsu. "Ku je ku dubi gurbin a yashi. Abin da ya kwanta a wurin hannun mutum bai taɓa sassaƙa shi ba. Ruwa ne ya lashe shi. Wanda ya ɗauke shi ya san haka, kuma ba arziki ya je nema ba. Gudu yake kada baƙi su zo su faɗa a gaban jama'a."

"To wane ne? Ka daina kewaye-kewaye."

Duƙau ya buɗe baki. Sunan ya ƙi fita. Kansa ya koma ƙasa da kansa.

Aka ji ƙarar sanda a kan siminti.

"Ku ƙyale yaron nan," in ji Hedimasta, ko da yake yaron ya yi furfura. "Ba a haife shi ya kira sunana a irin wannan wuri ba." Ya taho gaba a hankali, ya zaro wani tsohon makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur. "Na ranar da aka buɗe ɗakin ne. Ba wanda ya ce in mayar, ni ma ban tuna wa kowa ba. Dutsen yana rafi, inda na ɗauko shi. Yara nawa na tsayar a gabansa na ce su cire hula ga kakanninsu? Har da kai, Ciyaman."

Ciyaman ya dubi farcensa.

"Na ɗauka za a ce ɓarawon waje ne, a yi jimami a manta. Da na ji an kama sunan bawan Allahn nan, na ce da safe zan zo in faɗa. Safiya ta yi na ce da yamma." Ya juya wajen ƙofa. Gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa da daɗi, amma ya dafa sanda ya durƙusa har ƙasa. "Ka yafe min."

Maigadi ya miƙe da sauri kamar an watsa masa ruwan zafi. "Haba Malam, tashi. Don Allah tashi, mutane na gani." Ya kama shi ya ɗaga. Sai da ya tsayar da shi sannan ya ce, a hankali, "Jiya da ka wuce ta ƙofa na gaishe ka, ka amsa. Matata tana ɗaure kaya kana gani. Wannan ne kawai, Malam."

Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce Maigadi ya je ya kwance kayansa, kuma kwamiti zai dubi maganar rufin ɗakinsa. Maigadi ya ce ya gode, ya fita bai waiwaya ba.

Malama ce ta yi magana daga baya, idonta a kan tebur. Ta ce a dawo da dutsen. A ajiye shi kusa da na gaskiya, a rubuta a ƙasansa cewa aikin ruwa ne, yara su riƙa shafa wannan su shafa wancan. Ta ce babu mai kyawun rubutun da zai rubuta sai wanda ya koya musu rubutu.

Rana ta yi sanyi suka isa rafi, su biyu, Duƙau da yayansa. Ruwa ya janye, ya bar duwatsu shimfiɗe har inda ido ya kai. Duƙau ya bi ɗan zagayen sanda a cikin laka har zuwa inda ya ƙare, a bakin wani tarin duwatsu masu launin toka.

"Nan ka tsaya, Yaya. Daga nan ka jefa."

Hedimasta ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, mai faɗi ta sama da siranta ta ƙasa. Ya juya shi, ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya gwada a tafin hannu, ya ajiye. Ga wani can, ga wani a bayansa, duk da siffar gatari, duk sumul. Ya daɗe yana yi, rigarsa tana jan laka. Duƙau ya tsaya yana kallon ruwa don kada ya kalle shi.

"Kullum sai na goge shi," in ji tsohon. "Na ɗauka ko a cikin duhu zan gane shi."

"Yaya, magariba ta kusa. Ɗauki kowanne. Duk ɗaya ne."

Hedimasta ya ɗago ya dube shi, da dutse a kowane hannu.

"Na sani, ƙanena," ya ce. "Tun da na jefa shi na juyo ban ga inda ya faɗa ba, na sani."

Ya saki na hagu, ya naɗe na dama a bakin rigarsa. Suka kama hanyar gari, shi a gaba, Duƙau a baya yana taka inda ya taka.